Ranar da aka karanta mana daftarin dokar tsaftar gari

Sanarwar ta iso mu ne ta bakin mai shela bayan sallar la'asar ta ranar Laraba, cewa mai unguwa yana kiran kowa da kowa, maza da mata, zuwa ƙofar gidansa ranar Asabar da hantsi, domin an aiko daga hukuma da daftarin wasu ƙa'idoji da ake son kafawa a kan shara, da magudanan ruwa, da kasa kaya a bakin titi, da sakin dabbobi cikin gari, kuma ana so a ji ta bakin jama'a kafin a sa hannu. Na daɗe ina cikin masu yawan magana a fada, wato majalisar hirarmu ta shan shayi, idan an zo zancen ƙazantar Maraɗi, na kuma san cewa duk abin da muke faɗa a can tare da shayin yake ƙarewa, saboda haka na ƙudurta a raina cewa wannan karon zan je, kuma ba zan je hannu rabbana ba.

Washegari na tafi wurin mai unguwa na roƙi a ba ni aron takardar. Da yake ya san ni malamin makaranta ne, bai yi mini gardama ba, sai dai ya ce in dawo da ita kafin magariba, domin ita kaɗai ce aka kawo wa unguwar gaba ɗaya. Shafi huɗu ce, da Faransanci. Na kai ta wurin masu ɗaukar hoton takardu na fitar da kwafi biyu, na mayar masa da tasa, sannan na kwana biyu ina bin ta layi-layi da alƙalami a hannu, ina juya kowane sashe zuwa Hausa a gefen takarda. A nan ne na fara gane cewa ƙaramar doka irin wannan ta fi kusa da rayuwar talaka a kan manyan dokokin da ake muhawara a kansu a Yamai, domin ita ce take faɗa wa matar gida inda za ta zuba ruwan wanke-wanke, ita ce kuma take ba ma'aikaci ikon kama akuyar tsohuwa ko ɗauke teburin mai shayi.

Ikon da gari yake da shi na tsara irin waɗannan ƙa'idoji ba daga sama ya faɗo ba. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na watan Yuli na 2004 Nijar ta fara miƙa wa garuruwa ragamar wasu al'amuransu, sannan a 2010 aka tattara dokokin da suka shafi wannan mulki cikin kundi guda, aka kuma ba Maraɗi matsayin birni mai gundumomi uku, kamar yadda aka ba Yamai da Damagaram da Tawa matsayi na musamman. A ƙarƙashin wannan tsari, tsaftar tituna, da kula da kasuwanni, da hana dabbobi yawo, duk suna cikin abin da magajin gari yake da hurumin tsarawa, zaman majalisar gari kuwa a buɗe yake ga mai son ya saurara, sarakunan gargajiya kuma suna da kujera a ciki ta ba da shawara. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun da aka zaɓa a watan Disamba na 2020, aka naɗa kantomomi su riƙe garuruwa. Ban kawo wannan don in yi sharhin siyasa ba. Na kawo shi ne don mai karatu ya ga dalilin da ya sa taron ƙofar mai unguwa ya ƙara nauyi a idona: a da mutum yana iya tare kansilan unguwarsa bayan sallar Juma'a ya ɗora masa saƙo, amma idan babu wannan ƙofa, to wurin da aka ce a zo a yi magana shi ne wurin da ya rage.

Ranar Asabar, da aka shimfiɗa tabarmi a inuwar dogon yaro, aka jera kujeru biyar don baƙi, ba mu kai mutum hamsin ba, a unguwar da idan ana ɗaurin aure layi biyu ba ya ɗaukar jama'a. Yawancinmu dattawa ne da ma'aikatan gwamnati da ba su da aiki ranar. Mata ba su fi takwas ba, sun zauna can gefe kusa da zaure. Ban ga ɗan kabu-kabu ko ɗaya ba, ban ga masu amalanken shara ba, ban ga mahauta ba, alhali kusan kowane sashe na takardar kansu zai fara sauka. Ban zarge su ba, domin hantsin Asabar lokacin nema ne, wanda kuwa abincinsa yake fitowa daga cinikin yini ba zai bar titi ya zo ya zauna a tabarma ba. Wannan ma na rubuta shi cikin abubuwan da zan faɗa.

Sa'a guda ta farko ta tafi a kan abin da ba shi ya tara mu ba. Da aka buɗe da addu'a, jami'in da ya zo da takardar ya karanta sashe na farko, mai fassara ya juya, aka ce wa ke da magana, sai wani ya tashi ya kawo zancen ɗaukewar wuta, wani ya kawo tsadar ruwan pampo, wani kuma ya tambayi labarin filin da aka yi alkawarin gina makaranta. Duk gaskiya suka faɗa, kuma mutumin da ya shekara bai ga wakilin hukuma ido da ido ba dole ya sauke duk kayan da ke kansa a ranar da ya gan shi. Amma jami'in ya riƙa amsawa cikin ladabi cewa wannan ba ya cikin abin da aka aiko shi da shi, ni kuwa ina kallon magatakardan da ke gefensa, na ga alƙalaminsa bai taɓa takarda ba.

Wadda ta juya akalar taron wata dattijuwa ce mai tuyar ƙosai a kusurwar layinmu, wadda duk yaran unguwa suke kira Inna. An karanta sashen da ya ce duk wanda aka kama yana zuba shara ko ruwan ƙazanta a magudanar ruwa ko a kan titi zai biya tarar jikka 5, aka kuma fassara. Ba ta ɗaga hannu ba, ta dai gyara lulluɓinta, ta matso bakin tabarma, ta durƙusa ta fuskanci mai unguwa. Na lura da bayan hannunta na dama, duk tabon ƙunar mai ne, tsoho a kan tsoho.

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ina da tambaya, a gafarce ni idan ban iya magana ba. Na ji inda aka ce kada in zuba. Ban ji inda aka ce in zuba ba. Ko yana gaba ne ba a kai wurin ba tukuna?"

Mai unguwa ya dubi jami'in, jami'in ya juya shafi, ya sake juyawa, sannan ya ce takardar ta ce a kai shara wuraren da aka keɓe. Inna ta ce, "To ɗana, ina ne wurin da aka keɓe a nan unguwar? Ni kullum dala 20 nake ba yaron amalanke ya kwashe mini. Ban taɓa tambayarsa inda yake kaiwa ba, amma na sani, kowa ma ya sani, bakin kwazazzabo yake juyewa, ruwa ya zo ya maido mana da ita ƙofar gida. Idan an kama shi, shi za a ci tara ko ni da na aike shi?"

A daidai nan magatakarda ya sunkuya ya fara rubutu.

Na daɗe ina tunanin wannan tambaya tata, domin ta taɓa ainihin ciwon garin nan. Maraɗi gari ne da ruwa ya taɓa tayarwa ɗungurungum: a 1945 ambaliyar Gulbi ta cinye tsohon garin da ke cikin kwari, aka hauro da mutane kan tudu, aka yanka sababbin layuka, kuma a kan wannan tudun muke har yau. Amma tudun yana gangarawa ne zuwa Gulbi, duk ruwan da ya sauka a sama kuwa sai ya ratsa unguwanni kafin ya isa can, yana tafe da yashi da leda da duk abin da aka bar masa a hanya. Wanda ya ga abin da ruwan ƙarshen watan Agusta na 2024 ya yi a garin nan, gidajen da suka zube da rayukan da aka rasa, ba zai ce hana cushe magudanan ruwa zalunci ne ba. Ni ina goyon bayan hanin ɗari bisa ɗari. Abin da nake ja a kai shi ne dokar da ta san laifi da tara, ba ta san wurin zuba shara da ranar kwashewa ba. Mun riga mun ga irinta: tun 2014 ƙasar nan take da dokar hana shigo da ledar nan mara kauri da sayar da ita, amma duk wanda ya bi ta bayan kasuwa ranar Litinin ko Juma'a da yamma zai ga yadda baƙar leda take lilo a kan kowace ƙaya, domin an hana abu ba a tanadi madadinsa a hannun mai sayen tumatir na dala 10 ba. Doka irin wannan takan zauna a takarda shekara da shekaru ba ta motsi, sai ranar da aka ga dama a tashe ta a kan wanda ba shi da kowa.

Saboda haka da aka ba ni dama, ban yi dogon jawabi ba, na ɗora a kan maganar Inna. Na ce a ƙara sashe da zai ambaci wuraren tara shara na kowace unguwa da sunansu, da ranakun da za a riƙa kwashewa, kuma kada tarar ta fara aiki a unguwar da ba a riga an keɓe mata wuri ba. Na ce masu amalanke a yi musu rajista a ba su shaida, a nuna musu inda za su juye, domin su ne suke ɗauke da sharar garin nan a zahiri, kuma gara a jawo su cikin tsari da a mayar da su masu laifi. Jami'in ya tambaye ni ko ina da wannan a rubuce. Na ce ina da shi. Ya karɓa ya miƙa wa magatakarda.

Zancen dabbobi ya fi kowane ɗaukar zafi, kuma ban yi mamaki ba. A garin da jar akuyarsa ta yi suna har ƙasashen waje saboda kyan fatarta, akuya ba abin ado ba ce, ita ce asusun mace: da ita ake sayen magani idan yaro ya kwanta, da ita ake haɗa kayan ɗakin ƴa. Daftarin ya ce dabbar da aka samu tana yawo za a kai ta wurin tsarewa, mai ita ya biya kuɗin kamu da na kowane kwana, idan kuma wa'adi ya cika bai zo ba a yi gwanjonta. Wani dattijo mai lambu a bakin Gulbi ya tashi ya ce shi dokar ta yi masa daidai, har ma ta yi sassauci, domin bara awaki sun shiga sun cinye masa dashen yalo da ya yi wata biyu yana ban ruwa, bai kuma samu wanda zai biya shi ba. Wata mata ta amsa daga gefen zaure cewa, "Baba, gaskiyarka ce, amma gidan haya nake, ɗaki ɗaya da tsakar gida da bai fi tabarma biyu ba, dusa kuwa ka san kuɗinta." Duka biyun suna da hujja, kuma ban ga yadda mutum ɗaya a ofis, komai iliminsa, zai iya hango su duka shi kaɗai ba. Abin da aka tsaya a kai bayan an kai ruwa rana shi ne a nemi a rubuta adadin kwanakin wa'adin ƙarara, a wajabta sanar da mai unguwa duk dabbar da aka kama a yankinsa a ranar da aka kama ta domin ya sa a yi shela, kuma kada a yi gwanjo sai da shaidarsa. Mai lambun ya ƙara da cewa a bambanta dabbar da aka samu a titi da wadda aka samu cikin shukar wani, aka rubuta.

A kan kasa kaya a bakin titi, na tafi da ra'ayin a tashi kowa, domin na sha ganin yadda ƴan makaranta suke sauka kan kwalta suna gogayya da babura saboda tebura sun cinye gefen hanya. Wani mai sayar da kayan gwari ya ce mini, "Malam, kai albashi kake jira, ni wannan teburin ne albashina." Ya ce a ja layi, a ce kada kowa ya ƙetare shi, su da kansu za su tsare layin. Na janye maganata, na goyi bayan tasa.

Abu biyu na ajiye zuwa ƙarshe, domin su suka fi tsaya mini a rai tun daren da na fara karanta takardar. Na farko rasit ne. Daftarin ya jera tara iri-iri, amma bai ce uffan ba a kan yadda za a karɓe ta. Na roƙi a rubuta cewa babu tarar da za a biya a hannu a kan titi, sai a wurin da aka sani, da rasit mai lamba da hatimi, kuma a laifin farko gargaɗi za a yi a rubuce. Wannan kariya ce ga talaka, kariya ce kuma ga ma'aikaci mai gaskiya, wanda idan babu rasit shi ma ba shi da abin da zai wanke kansa da shi ranar da aka zarge shi. Kuɗin tara kuɗin gari ne, da shi ya kamata a yashe magudanan da ake hukunta mutane a kansu.

Na biyu harshe ne. Mai fassararmu ya yi iya ƙoƙarinsa, amma fassarar baki iska ce, tana wucewa da tashin taro, kuma sau biyu na ji ya taƙaita sashe mai layi shida cikin jimla ɗaya, ba da mugun nufi ba, sai don rana ta take kuma mutane sun fara gajiya. A ɗaya daga cikinsu ne aka ambaci cewa mai gida shi ke da alhakin tsaftar gaban gidansa har zuwa tsakiyar layi, maganar da za ta haddasa rigima tsakanin masu gidaje da ƴan haya idan ba a fayyace ta ba. Kundin mulkin ƙasa da aka kafa a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Idan akwai wurin da ya dace a fara ganin amfanin wannan a aikace, to a ƙaramar dokar da za a yi wa mai ƙosai hukunci da ita ne. Na nemi a fitar da ƙa'idojin da Hausa, da boko da ajami, domin dattawanmu da yawa ajami suke karantawa, a liƙa a ƙofar masu unguwanni da bakin kasuwa da tashoshin mota, a kuma karanta su a gidajen rediyon gari na tsawon wata guda kafin su fara aiki. Liman ya ce idan an kawo masa ta ajami shi da kansa zai karanta wa mutane bayan sallar asuba.

Kafin a tashi, mai unguwa ya yi wani abu da ya ƙara masa daraja a idona. Jami'in ya fara godiya yana tattara takardunsa, sai mai unguwa ya ɗaga hannu ya ce a dakata, magatakarda ya karanta wa jama'a abin da ya rubuta tukuna. Aka karanta, aka fassara. Maganar sanar da mai unguwa kafin gwanjo ta faɗi a hanya, ba ta cikin rubutun, matar nan ta gidan haya ce ta tuna, aka mayar da ita. Da ba a karanta ba, da mun watse kowa yana zaton an ɗauki maganarsa. Daga nan jami'in ya sanar da cewa akwai sati biyu ga duk mai son ya kai ƙarin shawara a rubuce.

Waɗannan sati biyun su muka yi amfani da su wajen neman waɗanda ba su zo ba. Ni da wasu matasa biyu na fadarmu muka bi ƴan kabu-kabu a inda suke tsayawa bayan sallar isha'i, muka sami masu amalanke da sassafe kafin su fita, matata kuma ta kai maganar gidan da suke taron adashi. A wurin masu amalanke na ji abin da ban taɓa tunani ba. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha bakwai ba, yana ɗaure wa jakinsa tsumma a inda igiya ta goge masa kafaɗa, ya ce mini, "Malam, idan wurin da za a keɓe ya yi nisa, sawu uku zan yi a yini maimakon shida, kuma ba wanda zai yarda ya ninka mini kuɗi. Ku ce musu su sa shi inda jaki zai iya zuwa ya dawo." Mun sa wannan a sahun farko na takardarmu, da kalmominsa.

Takardar ta fito shafi biyu, Hausa a gaba, Faransanci a baya, kowace shawara da lambar sashen da ta shafa da kuma kalmomin da muke so a sa a madadin na daftarin. Mutum sittin da ɗaya suka sa hannu ko suka dangwala yatsa, Inna ce ta farko. Ranar Alhamis ta sati na biyu na kai ta da kaina, na tafi da kwafi biyu, na roƙi mai karɓar wasiƙu ya buga mini hatimi da kwanan wata a kan ɗaya, ya buga. Wannan kwafin yana wurin mai unguwa yanzu, cikin jakar fatar da yake ajiye takardun filaye, kuma mun yi da shi cewa ranar da ƙa'idojin suka fito zai sa a yi shela, mu sake zama a inuwar dogon yaron nan, wannan karon bayan la'asar domin masu nema su samu zuwa, mu ɗora takardar hukuma kusa da tamu mu bi su sashe-sashe.